Tauraro da Mamata a Wasan "Shoot to Kill"

A watan Yunin 1990 gidan talabijin na Yorkshire da ke Ingila ya fito da "Shoot to Kill", wasan kwaikwayo mai tsawon kimanin sa'o'i huɗu, wanda Michael Eaton ya rubuta, Peter Kosminsky ya ba da umarni. Tushensa abu ne da ya auku a zahiri. Tsakanin Nuwamba da Disamba na 1982 'yan sandan RUC sun harbe mutum shida a yankin Armagh na Ireland ta Arewa bisa zargin ta'addanci. Biyar daga cikinsu ba su ɗauke da makami. Na shidan, Michael Tighe, ɗan shekara 17, an kashe shi ne a wani rumbun ciyawa da jami'an leƙen asiri suka dasa wa na'urar naɗar magana.

A nazarinmu, ƙarfin wasan da rauninsa duk sun taso daga zaɓen tauraro. Marubucin ya ɗora labarin a wuyan John Stalker, mataimakin shugaban 'yan sandan Manchester, wanda aka ɗora wa binciken a 1984. Muna biye da shi yana neman kaset ɗin rumbun, ana yi masa hanya-hanya, har aka cire shi a 1986 bisa zarge-zargen da daga baya aka wanke shi. Jack Shepherd ya fito a wannan matsayi cikin natsuwa, ba hayaniya, kuma zubin ya yi armashi ƙwarai, domin ɗan sanda ne ke tuhumar 'yan sanda, mai kallo ba shi da damar cewa farfagandar IRA ce.

Sai dai fa wannan dabara ta ci mamatan. Da zarar Stalker ya shigo, sai su koma takardu a cikin fayil, tausayinmu kuma ya karkata ga jami'in da aka ɓata wa suna. Jigon ya tashi daga kisa ya koma kan zaluncin da aka yi wa mai bincike, alhali shi da ransa ya koma gida.

Duk da haka muna ganin wasan ya cancanci yabo, musamman idan muka tuna cewa a 1988 Babban Lauyan Gwamnati, Patrick Mayhew, ya sanar da cewa ba za a gurfanar da kowa kan rufa-rufar ba, saboda tsaron ƙasa. Gidan talabijin na Ulster ma bai nuna wasan ba. Sai a 2001 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci, a shari'ar iyalan McKerr, cewa Birtaniya ba ta yi ingantaccen bincike ba.