Jinjina ga Malaman Reggio Emilia

A 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen ƙauyen Villa Cella da ke kusa da birnin Reggio Emilia a Italiya suka sayar da tankar yaƙi da dawakan da sojojin Jamus suka bari, suka gina wa 'ya'yansu makaranta. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya mara musu baya. A 1963 hukumar birnin ta buɗe tata makarantar ta ƙananan yara.

Gwanintar malaman nan ita ce sauraro. Sukan lura da abin da ya ja hankalin yara, su mai da shi jigon wasa na tsawon makonni. A makarantar La Villetta, yara suka ce tsuntsaye ma suna bukatar wurin shaƙatawa. Malamai ba su raina maganar ba. Aka kawo yumɓu, bututu da takarda, yara suka zana, suka ƙera maɓuɓɓugan ruwa. A cikin wasan suka koyi awo, ƙirga, yadda ruwa ke gudana, da haƙurin jin ra'ayin juna.

Ba ƙaramin aiki ba ne babba ya san amsa, ya danne ta har yaro ya gano da kansa. Malaman Reggio, sannunku da ƙoƙari!