Makaɗi ko Mai Rawa? Sharhi a kan Tasirin Rediyo da Talabijin da Zaɓin Jama'a a Unguwannin Kudu da Kogin Kaduna

Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san cewa shi ma makaɗi ƙafar mai rawa yake duba, in ya ga fili ya yi sanyi sai ya juya hannu. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan al'amari a fagen nishaɗin zamani, watau ta duba ko kafofin watsa labarai ne ke ɗora wa jama'a abin da za su so, ko kuwa jama'a ne ke tilasta musu bin abin da suke so. Tambayar tana da nauyi, domin a kan amsarta ake kafa hukumomin tace finafinai, a kanta kuma iyaye da malamai ke ɗora laifin lalacewar tarbiyya. Za mu taƙaita nazarinmu a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa.

Ra'ayoyin Masana

Masana sun daɗe da rabuwa a kan wannan batu. A shekarun 1940, Theodor Adorno da Max Horkheimer, Jamusawa biyu da suka yi gudun hijira zuwa Amurka, sun kamanta rediyo da silima da masana'anta mai fitar da kaya iri ɗaya, mai saye kuwa ba shi da ta cewa sai dai ya karɓa. A ɗaya ɓangaren, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi diddigin masu jefa ƙuri'a a wata gunduma ta jihar Ohio lokacin zaɓen 1940, suka gano cewa ba kasafai jarida da rediyo ke sauya ra'ayin mutum kai tsaye ba, saƙon yakan biyo ta bakin waɗanda yake ganin girmansu. Sa'an nan a 1973 Stuart Hall na Jami'ar Birmingham ta Ingila ya nuna cewa mai kallo na iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya karɓi wani sashe ya bar wani, ko ya juya masa baya baki ɗaya. Duk waɗannan ra'ayoyi a ƙasashen Turawa aka gina su, saboda haka wajibi ne mu gwada su a gida kafin mu yi musu mubaya'a.

Filin Nazari

Masana'antu ne suka raya kudancin kogin. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Neman aiki ya tara Hausawa da Gbagyi da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Nufawa da Yarbawa a gidajen haya guda, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su. A daidai wannan zamani, watau a 1962, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Har yau akwai unguwa sukutum a kudancin garin da ake kira Unguwar Talabijin. Ga jama'a iri-iri, ga kuma tasha mai ƙarfi guda da kusan kowa ke kamawa. Da ra'ayin su Adorno gaskiya ne ɗungurungum, lalle a nan ya kamata mu ga tabbacinsa.

Zaɓi Sonka

Sunan wannan shiri na Rediyon Kaduna shi kansa da'awa ce, domin yana gaya wa mai sauraro cewa wuƙa da nama suna hannunsa. Mutum zai sayi kati, ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya nemi a sa masa waƙar Mamman Shata ko ta Ɗan Maraya Jos ko ta Barmani Coge. To, amma idan muka duba da kyau za mu ga zaɓin yana da shinge har huɗu. Sai mai kuɗin kati, sai wanda ya iya rubutu ko ya sami mai rubuta masa, sai waƙar da ke cikin taskar tasha, sa'an nan sai katin da mai gabatarwa ya kai gare shi kafin lokaci ya ƙare. Mawaƙin da tasha ba ta ɗauki muryarsa ba, ko da ya fi kowa a garinsu, ba ya cikin zaɓi. Nan kam makaɗi ne ke da rinjaye.

Duk da haka, jama'a sun sarrafa shirin ta hanyarsu. Sun kafa ƙungiyoyin zaɓi sonka, suka yi wa kansu laƙabi, suka ƙulla zumunci da mutanen da ba su taɓa gani ba, har ta kai jerin gaisuwa ya fi waƙar kanta daraja a wurinsu. Mun sha ji daga bakin tsofaffin ma'aikatan masaƙa cewa kati guda kan isar wa dangi a ƙauye cewa ɗansu na nan lafiya, ya kuma sami abin yi. Ashe tasha ta shirya filin waƙa, masu sauraro suka mai da shi gidan waya da dandalin sada zumunci.

Samanja Mazan Fama

Misali na biyu shi ne wasan kwaikwayon marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja kuma Banufe, wanda ya rasu a 2023. Wasan ya yi tashe a rediyo da talabijin na Kaduna a shekarun 1970 da 1980, lokacin da mulkin soja ya fi yawa a ƙasar. A zahirinsa wasa ne mai nuna rayuwar bariki da ladabi da bin umarnin na gaba, abin da kowace gwamnatin soja za ta yi maraba da shi. Amma a fahimtarmu, abin da ya riƙe jama'a shi ne bakin Samanja, watau Hausar bariki mai gauraye da Ingilishi, wadda ba ta damu da jinsin namiji ko na mace ba. Bakano ko Basakkwace na iya yi wa wannan Hausa dariyar baƙon abu. Mazaunin Kakuri kuwa muryar maƙwabcinsa yake ji, ko ma tasa. Daɗin daɗawa, wasan ya ba talaka damar yi wa mai kaki dariya a zamanin da ba ya iya yin haka a bakin titi. Shiri ɗaya ne, amma ma'anarsa ta danganta da inda aka zauna aka kalle shi, kamar dai yadda Hall ya faɗa.

Finafinan Indiya

Inda ikon masu kallo ya fi fitowa fili shi ne sha'anin silima. Masu gidajen silima na Arewa, waɗanda da yawansu Kwarori ne 'yan Labanan, sun riƙa kawo finafinan Amurka da na Sin da na Indiya, amma na Indiya ne suka kama zukata, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na Kano, saboda sun taɓo auren dole da kunya da biyayyar iyaye. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Hausa sun ga cewa kaset mai waƙa da rawa ya fi shiga kasuwa, sai suka bi. Malamai sun yi suka, Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, amma waƙa ba ta fita daga fim ba. A nan mai rawa ne ya juya makaɗi. Sai dai kada mu manta cewa a cikin kayan da ɗan kasuwa ya shigo da su aka yi wannan zaɓi tun farko.

Halin da Ake Ciki

Abubuwa uku sun sauya filin. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, wayar salula ta shigo a 2001, masaƙu kuma suka durƙushe, har UNTL ta rufe a 2007. Bugu da ƙari, rikicin 2000 da na 2002 sun sa jama'a ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa. Shi na 2002 ma wani rubutu a jarida ne ya zama sanadinsa, abin da ke tuna mana cewa kafar labarai na iya kunna wuta inda ta tarar da busasshiyar ciyawa.

Yau matashi a Barnawa ko Sabon Tasha yana da zaɓin da kakansa bai yi mafarkinsa ba. Amma wanda ke jera masa kaya a TikTok da YouTube na'ura ce da ke lura da abin da ya daɗe yana kallo, ta ƙaro masa irinsa. Mai gabatar da Zaɓi Sonka an san sunansa, ana iya rubuta masa wasiƙar ƙorafi. Na'ura kuwa ba ta da adireshi a Kaduna. Abin da ya fi damunmu shi ne, da wuya a sami shiri guda da gaɓar kogin biyu ke yi wa dariya tare, Hausar Kakuri kuma in ta fito a fim, galibi a bakin wanda ake yi wa ba'a take fitowa.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, zaɓin jama'a gaskiya ne, amma a cikin faifan da wani ya jera ake yin sa. Kafa ce ke iyakance abin da za a gani, jama'a ke yanke hukuncin abin da zai rayu da ma'anar da za a ba shi. Saboda haka wanda ya ɗora wa talabijin da waya dukkan laifin tarbiyya ya raina hankalin mai kallo, wanda kuma ya ce abin da jama'a ke so kawai ake ba su ya wanke mai faifai daga alhakinsa. Muna ba da shawara sassan Hausa na kwalejojin ilimi su koya wa ɗalibai nazarin masu sauraro kamar yadda suke koyar da nazarin waƙa da zube, a kuma hanzarta ɗaukar bayanan tsofaffin 'yan zaɓi sonka da adana tsofaffin faya-fayen Rediyon Kaduna tun ana iya samunsu. Muna fata mahalarta za su gyara mana inda muka yi tuntuɓe.