Bayan An Isa Kwarin: Fina-finan Littlefoot da Yaran Omdurman

A ranar 18 ga Nuwamba, 1988, gidajen sinima na Amurka suka fara nuna wani fim ɗin katun mai tsawon minti 69, sunansa The Land Before Time, wato duniya tun kafin a fara ƙirgen zamani. Don Bluth ne ya ba da umarni, mutumin da ya bar kamfanin Disney a 1979 saboda yana ganin an daina ba zane haƙƙinsa. Steven Spielberg da George Lucas suna cikin waɗanda suka tsaya wa aikin, an kuma zana shi a birnin Dublin na ƙasar Ireland. Labarin na wani ɗan dainoso ne mai dogon wuya, Littlefoot, wanda fari ya kori danginsa daga ƙasarsu suka nufi Babban Kwari inda ake cewa akwai ruwa da ganye.

Tun fim bai yi nisa ba uwarsa ta mutu. Ta yi faɗa da wani dainoso maci-nama don ta ceci ɗanta, ta ji rauni, girgizar ƙasa ta raba garken, sannan ta cika cikin ruwan sama ɗan yana tsaye a kanta yana roƙon ta tashi. Bayan haka akwai wurin da yaron ya hango inuwarsa a jikin dutse, ya ɗauka uwarsa ce, ya sheƙa da gudu, ya tarar da dutse. Duk wanda ya ga wannan wurin yana ƙarami, da wuya ya manta shi. Kuma abin da ya fito ma an rage masa zafi, domin Spielberg da Lucas sun sa an yanke kimanin minti goma da suke ganin zai firgita yara fiye da kima.

Fim ɗin ya samu karɓuwa, ya tara sama da dala miliyan 80. Daga nan kamfanin Universal ya ɗora masa ci-gaba har guda 13, daga 1994 zuwa 2016, ban da shirin talabijin mai kashi 26 da aka fara nunawa a 2007. Ko ɗaya daga cikinsu bai shiga sinima ba, kai tsaye aka riƙa sayar da su a kaset, daga baya a faifai. Kuma ba hannun Bluth, ko na Spielberg, ko na Lucas a ko ɗaya.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa wannan da Khartoum da Omdurman. Abin da ya haɗa su shi ne yaran biranen nan sun daɗe suna cin tuwon katun da aka tuƙa a wata ƙasa. An kafa gidan talabijin na Sudan a Omdurman ne, a bakin kogin Nilu, a farkon shekarun 1960, ya kuma yi nasa shirin yara, Jannatul Aɗfal. Amma katun ɗin da iyayen yau suka tashi da su, irin su Grendizer da Adnan wa Lina da Kaftin Majid, na Japan ne da aka juya zuwa Larabci. Da tauraron ɗan'adam na Nilesat ya fara aiki a 1998, kwanukan dish suka bazu a kan rufin gidaje, sai Spacetoon ta zo a 2000, MBC3 ta biyo a 2004. Tashar da za ta ciyar da yaro dare da rana tana buƙatar kaya mai yawa kuma mai sauƙin kuɗi, wanda ba zai sa uwa ta taso daga madafa ta kashe akwatin ba. Fim na biyar ko na tara na wani sanannen suna ya dace da wannan buƙata sarai. Haka abin yake ga mai sayar da faifai a kasuwa, haka yake ga YouTube a wayar uwa. Kuma cikin yaran da ke zaune gaban akwatin har da jikokin Hausawa, waɗanda kakanninsu suka zauna a Sudan a kan hanyar hajji, ko suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abu na farko da ya sauya a fina-finan ci-gaban shi ne waƙa. A fim na farko babu dainoson da ya buɗe baki ya rera komai. Kiɗan James Horner ne ke ɗauke da baƙin cikin, sai muryar Diana Ross a ƙarshe. Daga na biyu, The Great Valley Adventure na 1994, aka mai da su mawaƙa, kusan kowane fim waƙa uku, akasarinsu daga hannun Michele Brourman da Amanda McBroom. Wasu waƙoƙin suna da daɗi. Matsalarsu ita ce aikin da aka ɗora musu: duk inda labari ya kamata ya nuna wa yaro wani abu, sai a tsayar da shi a rera masa darasin, a ce masa raba abinci da aboki abu ne mai kyau, ƙarya ba ta da kyau, a ji maganar manya. Yaro ba ya rasa gane cewa ana yi masa wa'azi.

Launi ma ya sauya. Duniyar Bluth ja ce da toka-toka, ƙasa a tsage, sama da hayaƙi, har idan aka ga ganye ɗaya kore sai ya zama dukiya. Ganyen da uwar ta ba ɗanta, mai siffar tauraro, shi ne guzurinsa kuma shi ne gadonsa. A fina-finan baya kuwa ko'ina kore ne shar, sama shuɗiya, kamar bangon makarantar rainon yara. An ba kamfanonin waje kwangilar zanen, AKOM a Koriya ta Kudu da farko, sannan Wang Film a Taiwan, kuma ba ƙwarewa suka rasa ba, kuɗin da lokacin da aka ware musu ne suka yanke iyakar abin da za su iya. Inuwa ta ragu, motsi ya ragu, fuskoki suka zama sumul.

Amma babbar asarar tana cikin ginin labarin. Fim na farko tafiya ce ta wanda ba shi da gidan komawa. Da aka isa Kwarin, wannan labarin ya ƙare. Marubutan da suka biyo baya sun gaji yara biyar, Littlefoot da abokan tafiyarsa, masu iyaye ko kakanni, da abinci, da wurin kwana, don haka dole kowane fim ya nemo dalilin da zai fitar da su daga Kwarin sannan ya mai da su kafin dare. Mai kallo ya san ba wanda zai mutu, ba wanda zai girma, ba abin da za a rasa da ba za a samo ba. Maci-naman da ya kasance mutuwa mai tafiya da ƙafa biyu ya koma abin da ake guje wa na minti biyu, ya yi tuntuɓe ya faɗa rami. A na biyu ma ɓarayin ƙwai biyu, Ozzy da Strut, 'yan ban dariya ne. Littlefoot ya shafe shekara 28 yana yaro, ana sauya masu yi masa murya duk lokacin da muryar ɗan wasan ta fashe.

Zai zama rashin adalci a zuba su duka a kwando ɗaya. Na uku, na 1995, ya ɗauko ƙarancin ruwa, ya nuna manya suna rigima kan wanda zai sha da lokacin da zai sha, abin da ba baƙo ba ne ga yaron da ya taɓa jiran mai jaki da gangar ruwa a unguwannin bayan Omdurman. Na huɗu, na 1996, ya kwantar da kakan Littlefoot ciwo, ya tura jikan neman wani furen magani, kuma a nan tsoron rashi ya ɗan dawo. A na biyar, na 1997, fara ce ta cinye Kwarin ƙarƙaf, yaran suka sake haɗuwa da Chomper, ɗan maci-naman da suka taɓa reno, aka kuma taɓo tambaya mai nauyi: yaya abota za ta ɗore tsakanin wanda ke ci da wanda ake ci? Na goma, na 2003, ya kawo uban Littlefoot, Bron, wanda Kiefer Sutherland ya yi wa murya, ya bar yaron da zaɓi tsakanin uban da bai sani ba da kakannin da suka rene shi. Ya zaɓi kakannin. A gidajen da riƙo ya zama ruwan dare, a Kano ne ko a Omdurman, wannan zaɓin ba wasa ba ne. Waɗannan huɗun sun fi sauran ne saboda a cikinsu akwai abin da za a iya rasawa.

Sauran kuwa sun riƙa lalube. Na bakwai ya shigo da wasu baƙi masu fuska kala-kala da aka nuna kamar daga wata duniya suke. Na goma sha uku, na 2007, ya kawo wasu halittu masu rawayen ciki da ba su iya komai ba sai rawa da mantuwa, kuma bayansa aka yi shiru na shekara tara.

Ba za a ce laifin na maimaita jarumi ba ne. Sudan da kanta tana da hujja. Mujallar yara ta Al-Sibyan, wadda aka fara bugawa a 1946, tana cikin tsofaffin mujallun yara a ƙasashen Larabawa, kuma Sharhabil Ahmad, ɗan Omdurman da ya yi suna a kiɗa, ya shafe shekaru yana zana mata Ammak Tango, mutum ɗaya da ke faɗawa sabuwar rigima a kowace fitowa. A ƙasar Hausa Gizo ya fi kowa yawan ci-gaba. Ba wanda ya san adadin tatsuniyoyinsa, ba kuma yaron da ya taɓa cewa ya gaji da shi. Sai dai Gizo an gina shi ne don ya dawo: halinsa ɗaya, kwaɗayi da wayo, kowace rana da sabon wanda zai cuta da sabon dukan da zai sha. Littlefoot an gina shi ne a kan rauni guda da tafiya guda. Wanda ya ɗauki maraya ya sa shi aikin Gizo, ya cire masa maraicin da ya sa aka so shi, bai kuma ba shi wayon da zai riƙe dandali ba.

Kan batun tsoro kuwa, masu shirya fina-finan nan sun raina yara fiye da yadda kakanni suka taɓa yi. Habboba, kamar yadda ake kiran kaka a Sudan, ba ta ɓoye wa jikokinta dodo. Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib ya tattara irin waɗannan labarai a littafinsa Al-Ahaji al-Sudaniyya, kuma wadda ta fi shahara a cikin jaruman tatsuniyar Sudan, Faɗima al-Samha, yarinya ce da ta gudu daga gidansu, ta sha wuya a daji, ta ɓuya cikin fatar wani tsoho. A Hausa Dodo yana haɗiye mutane, Ta-Kitse tana narkewa saboda sharrin kishiyoyi. Ana ba da waɗannan da dare, yaro yana jingine da cinyar wadda ke ba shi labarin, kuma wannan cinyar ita ce kariyar. Fim ɗin da aka yi don a kunna wa yaro a bar shi shi kaɗai ba shi da wannan cinyar, shi ya sa kamfani ya zare tsoron gaba ɗaya. A nan ne kasuwa ta yanke wa fasaha hukunci. A shekarar da The Great Valley Adventure ya fito, Disney ma ta saki The Return of Jafar kai tsaye a kaset ta ga irin kuɗin da ke ciki, kuma sai a wajen 2007, bayan John Lasseter ya karɓi ragamar sashen katun, aka taka wa wannan salon birki a can. Toy Story 2 na 1999 ma da kaset aka nufe shi, aka ga labarin ya fi ƙarfin haka, aka sake gina shi don sinima.

Akwai wani abin takaici na gefe. Littlefoot da abokansa duk irin dainoson da aka haƙo a Arewacin Amurka ne ko kusa da haka, an kuma haɗa waɗanda ba su taɓa zama zamani ɗaya ba, domin tsakanin irin Littlefoot da maci-naman da ke binsa akwai tazarar shekara kusan miliyan 80. Alhali a Gadoufaoua cikin hamadar Nijar aka haƙo Nigersaurus, mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, wanda Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999, da Ouranosaurus na Philippe Taquet. A wajen Ingal aka samo Jobaria. A Masar aka fara gano Spinosaurus. A Wadi al-Milk na arewacin Sudan ma an tono ƙasusuwan dainoso. Yaron Yamai na iya zuwa gidan tarihi na Boubou Hama ya tsaya ƙarƙashin ƙwarangwal ɗin dainoso, amma a talabijin na Amurka yake gani yana waƙa.

Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, lissafin ya sauya ga yaran Khartoum da Omdurman. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF, ginin rediyo da talabijin na Omdurman ya faɗa hannun RSF tun farkon faɗan, sai a Maris 2024 sojoji suka ƙwato shi. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Da yawa sun nufi Wad Madani suna ganin sun tsira, garin ya faɗi a Disamba 2023, suka sake ɗaukar kaya zuwa Gadarif, Kassala, Port Sudan ko Masar. Yaran da suka yi wannan tafiyar sun san abin da ake nufi da a rabu da dangi a hanya, a bi waɗanda ba a sani ba, a nufi wani wuri da aka ce akwai ruwa. A cikin fina-finai 14 ɗin, na 1988 ne kaɗai ya yi maganar wannan, har da wurin da wani tsohon dainoso mai suna Rooter ya tarar da marayan yana kuka, bai ce masa uwarsa za ta dawo ba, ya gaya masa cewa ba laifinsa ba ne kuma zafin zai ragu da lokaci. Ba kowane yaron da ya fito daga Omdurman zai iya kallon wannan wurin ba tukuna, kuma wanda zai kalla yana buƙatar habbobarsa ko uwarsa a kusa da shi.