Ganau Ko Jiyau: Sharhi A Kan Rahotannin Ta'addanci Daga Ƙasar Kenya, 2013 Zuwa 2015

Manufar wannan sharhi ita ce duba yadda kafofin watsa labarai suka ruwaito wasu hare-hare da aka kai a ƙasar Kenya, da kuma irin harshen da suka yi amfani da shi wajen ruwayar. An zaɓi Kenya ne domin ƙasa ce da ke samun kuɗaɗen waje masu yawa daga baƙi 'yan yawon buɗe ido, masu zuwa kallon namun daji a Masai Mara da shan iska a bakin tekun Mombasa. A ƙasa irin wannan, labarin tashin hankali yakan taɓa aljihun gwamnati nan take. Saboda haka mai ba da labari yana tsakanin masu son a rage wa zance gishiri da masu son a ƙara masa.

Ranar Asabar, 21 ga Satumba, 2013, 'yan bindiga suka shiga rukunin kantuna na Westgate a birnin Nairobi. Ba a ce ƙura ta lafa ba sai ranar 24 ga wata, kuma mutum 67 suka rasa rayukansu. Ƙungiyar Al-Shabaab ta Somaliya ta ɗauki alhakin harin, ta ce ramuwa ce a kan shigar sojojin Kenya ƙasar Somaliya a watan Oktoba na 2011. Wannan ɓangare na labarin bai sauya ba har yau. Sauran kuwa kusan duk ya sauya. Hukumomi sun ce maharan sun kai goma zuwa goma sha biyar, jaridun duniya kuma suka yi ta nanata wannan adadi kwana da kwanaki. Da hotunan na'urorin tsaro na ginin suka fito, sai aka ga mutum huɗu ne. Ministan harkokin cikin gida na lokacin, Joseph Ole Lenku, ya ce baƙin hayaƙin da ya turnuƙe ginin na katifu ne da maharan suka cinna wa wuta, alhali wani sashe na benen rushewa ya yi.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne labarin matar da jaridun Ingila suka yi wa laƙabi da Farar Bazawara. (Fassarar ba ta cika ba, domin bazawara a Hausa ta haɗa da wadda aka saka, kalmar Ingilishin kuwa wadda mijinta ya mutu kaɗai take nufi.) Sunanta Samantha Lewthwaite, matar Germaine Lindsay, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka tayar da bama-bamai a Landan ranar 7 ga Yuli, 2005. Tun ana cikin harin aka fara raɗe-raɗin tana cikin ginin. Ministar harkokin waje, Amina Mohamed, ta gaya wa wani gidan talabijin na Amurka cewa cikin maharan akwai Amurkawa biyu ko uku da mace guda 'yar Birtaniya, alhali takwaranta na cikin gida ya ce dukansu maza ne. Ranar 26 ga Satumba 'yan sandan duniya suka fitar da sanarwar neman matar, sai jaridu da yawa suka ɗauki wannan a matsayin tabbaci. Amma sanarwar ta dogara ne a kan wata tuhuma ta daban, watau ta mallakar abubuwan fashewa tun 2011. Hotunan ginin ba su nuna mace ko ɗaya riƙe da bindiga ba.

Idan aka bi sawun wannan ruwaya, za a ga cewa babu wani ɗan jarida guda da za a kama da ƙaga ƙarya daga tushe. Abin da ya faru ya fi haka laushi, ya kuma fi shi haɗari. A rahoton farko akan ce wata majiya tana zaton akwai mace farar fata. A na biyu sai zaton ya koma zargi, majiyar kuma ta ɓace. A kan labari, inda wuri ya yi ƙaranci, sai zargin ma ya faɗi, a bar sunan matar da hotonta kusa da hoton gawawwaki. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan cuta, shi ya sa ba su karɓar matani sai sun bincika isnadi. Rahoton da aka ce ya fito daga "majiyoyin tsaro" ruwaya ce wadda aka yanke mata isnadi, kuma majiya guda da jaridu ashirin suka kwafa ba ta zama majiya ashirin ba.

A nan harshen Hausa yana da abin faɗi, musamman da yake Bahaushe yakan sami irin waɗannan labarai ne ta hanyar fassara, a sassan Hausa na gidajen rediyon waje. Hausa tana da matakai na nesanta kai daga zance. Akwai "wane ya ce", inda mai magana ya bayyana. Akwai "an ce", inda aka ɓoye shi. Akwai "wai", wadda ke ɗauke da shakka, har wani lokaci da ɗan izgili. Sa'an nan akwai rukunin kalmomi na hukunci: ji-ta-ji-ta, shaci-faɗi, ƙanzon kurege. Mai fassara tilas ya zaɓi matakin da zai ajiye labari, kuma zaɓin nan hukunci ne, ko ya sani ko bai sani ba. Salon aikin jarida ba ya son "wai", domin ana ganin ta da raini ga mai magana. Ga ministoci biyu na gwamnati ɗaya da suka saɓa wa juna a cikin kwana ɗaya, da wuya a sami kalmar da ta fi ta dacewa.

Kalma ta biyu mai wuyar sha'ani ita ce ta Ingilishin nan "network", wadda asalinta raga ce ko taru, aka aro ta ga mutane masu alaƙa a ɓoye. Amfaninta ga marubuci shi ne ba ta da iyaka: tana iya nufin mutum uku, tana iya nufin dubu. Hausa ba ta ba da wannan dama cikin sauƙi. In aka ce "ƙungiya", mai sauraro zai nemi suna da shugaba. In aka ce "gungu", zai nemi adadi. In aka ce "masu alaƙa da", zai tambaya wace irin alaƙa, ta jini ce ko ta kuɗi ko ta umarni. Harin Mpeketoni ya nuna inda wannan sassauci yake kaiwa. A daren 15 ga Yuni, 2014, aka kashe mutane aƙalla 48 a wannan gari na gundumar Lamu, Al-Shabaab kuma ta ce ita ce. Bayan kwana biyu Shugaba Uhuru Kenyatta ya fito ya ce ba ita ba ce, aikin wasu 'yan siyasa ne na cikin gida, ya kuma yi amfani da wannan kalma mai kama da taru ba tare da ambaton suna ba. An kama gwamnan Lamu, Issa Timamy, daga baya shari'ar ta watse. Ya kamata a tuna cewa wata guda kafin harin gwamnatin Birtaniya ta gargaɗi 'yan ƙasarta game da Mombasa, har kamfanonin yawon buɗe ido suka kwashe ɗaruruwan baƙi suka soke jirage. Ba a iya shiga zuciyar shugaba a san dalilinsa, amma ana iya lura da wane bayani ne ya fi sauƙi ga masu otal-otal.

Kafofin waje su ma suna da nasu ciniki. A watan Yulin 2015, ana shirin ziyarar Shugaba Barack Obama, gidan talabijin na CNN ya kira Kenya da abin da za a fassara da matattarar ta'addanci. 'Yan Kenya suka yi ca a Twitter, har wani babban jami'in kamfanin, Tony Maddox, ya je Nairobi a watan Agusta ya ba da haƙuri. Lalle kalmar ta yi muni, domin ta mayar da ƙasar da ake kai wa hari kamar ita ke ƙyanƙyashe maharan. Sai dai kuma wata uku kacal kafin nan an kashe mutum 148 a Jami'ar Garissa, kuma fushin da aka yi a kan kalma bai amsa tambayar da iyayen ɗaliban ke yi ba game da jinkirin kai ɗauki.

Aikin da ya fi ƙima a duk wannan lokaci na 'yan gida ne. A watan Oktoba na 2013, Mohammed Ali da John-Allan Namu na gidan talabijin na KTN suka nuna hotunan cikin Westgate, inda aka ga sojoji suna fita daga wani babban kanti da ledoji a hannu. Rundunar soja ta ce ruwan sha suka ɗauka, daga baya ta kori sojoji biyu saboda sata. Sufeto Janar na 'yan sanda, David Kimaiyo, ya yi barazanar kama 'yan jarida. A watan Disamba na 2014 majalisa ta zartar da dokar tsaro wadda ta tanadi ɗauri har na shekara uku ga wanda ya buga hoton waɗanda harin ta'addanci ya rutsa da su ba da izinin 'yan sanda ba, Babbar Kotu kuma ta soke wannan sashe a watan Fabrairu na 2015. Hukumar bincike da Shugaba Kenyatta ya yi alkawarin kafawa a kan Westgate ba ta taɓa zama ba. Sai a watan Oktoba na 2020 wata kotu a Nairobi ta sami mutum biyu da laifin taimaka wa maharan, ta sallami na uku.