Bishiya Ba Wurin Auna Yanayi Ba Ce

Kwanan baya a Samaru wani ɗalibi ya nuna min tashar auna yanayi da ya haɗa da hannunsa: ɗan farantin sola, batir, Arduino, da layin waya mai turo bayanai. Gaskiya aikin ya burge ni. Sai dai ya ɗaure ta a reshen darbejiya, wai don gudun ɓarayi da awaki. Nan ne ya ɓata rawarsa da tsalle.

Ganye yana tare ruwan sama kafin ya kai ma'auni. Bishiya tana fitar da danshi, sai na'urar ta nuna sanyin da babu shi a gona. Rassa suna karya ƙarfin iska. Inuwa kuma tana hana sola caji, musamman a Agusta da hadari ke rufe sama, lokacin da aka fi buƙatar bayanan.

Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya a fili take: ma'aunin zafi tsakanin mita 1.25 da 2 daga ƙasa, ma'aunin iska a mita 10, ma'aunin ruwa kuwa nesa da bishiya aƙalla ninki biyu na tsawonta.

Ba ƙaramin abu ba ne. Manomin da ya dogara da alƙaluman ƙarya zai iya jinkirta shuka har damina ta yi nisa.

Shawarata: ka kafa sandar ƙarfe a sarari, ka kewaye ta da waya, ka riƙa goge ƙurar hunturu daga farantin, sannan ka gwada alƙalumanka da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR. In sun yi kusa, to ka haɗa tasha.