Gajimaren aro a bisa teku

Hoton da nake so mu tsaya a kansa sunansa "La Grande Vague", wato babbar igiyar ruwa. Wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya ɗauke shi a 1857 a garin Sète, bakin Bahar Rum. Da ka kalle shi, idonka zai fara sauka kan farin kumfa, inda igiya ta daki duwatsun gaɓa. Daga nan katangar tashar jiragen ruwa, baƙa wuluk, ta ja ka zuwa can inda ruwa ya ƙare, sai gajimare masu nauyi su danno daga bisa. Le Gray bai watsa haske ko'ina ba. Ya bar shi kan kumfa da tsakanin gajimare, sauran wuri ya bar wa duhu. Shi ya sa ido ba ya yawon banza cikin hoton: an shata masa hanya, bi kawai yake yi.

Amma ga inda gizo ke saƙa: hotuna biyu ne aka haɗa. A zamanin, gilashi ake shafa wa wani ruwan magani, kolodiyon, a ɗauki hoto tun bai bushe ba. Maganin nan ya fi saurin kama hasken sama a kan na ruwa. In ka ba shi lokacin da teku ke bukata, sama ta ƙone, ta fito fari fat. In ka bi ta sama, teku ya dushe. Duk wanda ya taɓa ɗaukar faɗuwar rana da salula ya san wannan ciwon kai. Sai Le Gray ya ɗauki teku a gilashi guda, sama a wani, ya buga su kan takarda ɗaya, ya ɓoye ɗinkin daidai layin da ruwa ya gamu da sama.

To, ƙarya ya yi mana? Ni dai a nan ina bayansa. Mutumin da ke tsaye bakin gaɓa yana ganin kumfa da gajimare lokaci guda. Na'urar ce ta gaza, shi kuma ya cike mata giɓi don ya maido abin da ido ya sani.

Inda muka raba gari da shi daban ne. Masu nazarin aikinsa sun gano gajimare iri ɗaya sak a bisa hotunansa na teku daban-daban. Gilashin sama guda yake ɗorawa duk inda ya ga zai yi kyau. Wannan kam, ƴan uwa, ya wuce cike giɓi. Teku ba shi da hasken kansa, na sama yake maidowa. Ƙyallin da ke kan ruwa shaida ne na yadda sama take a wannan sa'ar. Ka canza sama, ka bar shaida yana ba da labarin abin da ba ya wurin. Zanen aro ba ya rufe katara: mai lura zai iya jin ruwa na faɗin abu guda, gajimare na faɗin wani.

Duk da haka ban ce a jefar da hoton ba. Le Gray ya fara da koyon zane kafin ya koma ɗaukar hoto, kuma da idon mai zane ya tsara shi. Matsalar ita ce mutane na ba hoto amanar da ba su ba zane, su ce "ai ga hoto nan" magana ta ƙare. Yau da kowace salula ke iya sauya sama da taɓawa ɗaya, amanar nan ta ƙara tsada.

Saboda haka in aka miƙo muku hoton teku, ku yaba tsarinsa, babu laifi. Sannan ku kai ido kan layin nan na tsakiya, ku duba ko hasken da ke kwance kan ruwa daga wannan saman ya sauko.