Bayan Fita Kwaleji: Sharhi Kan Labarin Obi Okonkwo

Hausawa na cewa karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma. Da wannan magana iyaye ke lallashin yaro ya jure wa bulala da yunwar makaranta, da ita kuma ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a kwaleji ke ƙarfafa zuciyarsa in dare ya raba yana bitar littattafai. Amma akwai wani littafi da ya kamata a karanta wa kowane ɗalibi kafin ya karɓi takardar shaidarsa, a kuma karanta wa iyayensa da danginsa, domin ya nuna yadda zumar nan kan koma maɗaci a bakin wanda bai yi shirin shanta ba. Sunan littafin No Longer at Ease, watau zaman da babu sauran kwanciyar rai a cikinsa. Chinua Achebe ne ya wallafa shi da Turanci, aka buga shi a Landan cikin 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai.

Shi Achebe mutumin Ogidi ne, a ƙasar Ibo. An haife shi cikin 1930, ya rasu cikin 2013. Yana cikin samarin farko da suka shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe cikin 1948, ya fita cikin 1953, sa'an nan ya kama aiki a gidan rediyo. Saboda haka abin da ya rubuta game da saurayi mai sabon digiri a birnin Ikko ba jita-jita ba ce, abu ne da ya gani da idonsa ga tsararrakinsa. Littafinsa na fari, Things Fall Apart, na 1958, labarin wani jarumi ne mai suna Okonkwo, wanda zuwan Turawa ya rushe masa duniya. Wannan na biyu kuwa labarin jikansa ne, Obi.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Obi yaro ne mai kaifin basira, ɗan wani malamin coci a ƙauyen Umuofiya. Mutanen ƙauyen mazauna Ikko suna da ƙungiya, yawancinsu kuwa ƙananan ma'aikata ne. Suka matse bakinsu, suka tara fam 800, suka aika da shi Ingila, bisa sharaɗin in ya komo ya biya su cikin shekara huɗu. Nufinsu ya koyo aikin lauya, don ya riƙa tsaya musu a shari'ar ƙasa tsakaninsu da maƙwabta. Da ya isa can sai ya sake shawara, ya karanta adabin Turanci. Bayan kusan shekara huɗu ya komo, aka ba shi aikin sakataren hukumar da ke raba sukolashif, da gida a Ikoyi unguwar Turawa, da mota, da albashin da ya kusa fam 50 a wata. Ba a daɗe ba aka gan shi tsaye gaban joji, ana tuhumarsa da cin hancin fam 20.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne inda mawallafin ya ɗora harsashin labarinsa. Bai ɓoye ƙarshe don ya ja ran mai karatu ba. Tun shafin farko an riga an kama Obi, kotu ta cika maƙil, joji yana mamakin yadda saurayi mai ilmi irin wannan zai aikata haka. Da yake an san inda tafiyar za ta ƙare, hankalin mai karatu ba ya kan me zai faru, yana kan yaya aka yi ya faru. Wannan dabara ce ta malami, ba ta mai tatsuniya ba, gama kowane ɗan abu da aka ambata daga baya, ko takardar kuɗin lantarki ce, sai mutum ya dube shi da idon mai neman inda bango ya fara tsagewa har ƙadangare ya sami wurin shiga.

Abu na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan littafin, lissafi ne. Da wuya a sami littafin hira da ya kula da fam da sule kamar wannan. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin baitulmali zai iya ɗaukar alƙalami ya bi Obi wata-wata. Daga albashinsa fam 20 na ƙungiya ne, watau sai ya yi wata 40 yana biya kafin ya fita. Fam 10 na iyayensa ne da suka tsufa. Ga kuɗin makarantar ƙanensa, ga ladan kuku, ga man mota. Maigidansa Bature, Mista Green, ya gargaɗe shi tun ran da ya sayi motar cewa kowace shekara za a nemi wajen fam 40 na inshora, amma da takardar ta zo sai ta same shi hannu wofi. Ya tafi banki ya ranto fam 50. Budurwarsa ta ranta masa wani fam 50, ɓarayi suka sace shi cikin mota a ƙofar gidan rawa. Uwarsa ta kwanta asibiti, takardar haraji ta biyo baya. Har akwai wurin da aka nuna shi yana faɗa da kukunsa kan wutar lantarki, yana hana dafa ruwan wanka, don rage 'yan sulalla, alhali motar da ke cinye shi tana nan a ƙofar gida bai taɓa tunanin rabuwa da ita ba.

A nan mawallafin ya yi adalci ƙwarai. Bai ce talauci ne ya sa Obi ya ci hanci ba, domin albashinsa na wata guda ya fi abin da waɗansu 'yan ƙauyensu ke samu a shekara. Abin da ya nuna shi ne, matsayin da takardar shaida ta ɗora shi a kai yana da nasa haraji. Mutanen da suka tara masa kuɗi suna so ya biya su, suna kuma so su gan shi cikin mota don su yi alfahari da shi. Ran da suka yi masa liyafar maraba ya zo da 'yar shat saboda zafi, ya yi musu jawabi da Turanci mai sauƙi, ransu ya ɓaci, don ba irin abin da suka saya da kuɗinsu ke nan ba. Kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski, amma askin da aka nema wurin Obi iri biyu ne masu karo da juna: ya yi tattali kamar mai bashi, ya yi facaka kamar Bature.

To, me karatunsa ya ba shi na fuskantar wannan hali? Littafin ya amsa da abu biyu da Obi ya komo da su daga Ingila. Ɗaya wata waƙa ce da ya rubuta ta begen Nijeriya. Ɗayan kuwa wata maƙala ce da ya karanta gaban taron ɗaliban Nijeriya a Landan, inda ya ce rashawa ba za ta ƙare a aikin gwamnati ba sai an kawar da tsofaffin ma'aikata da suka hau matsayi ta hanyar toshiyar baki, an sa samari masu digiri a madadinsu. Irin ra'ayin nan ne ɗalibi kan riƙa a shekararsa ta ƙarshe, sa'ad da bai taɓa biyan kuɗin haya ba, bai taɓa kwana da mara lafiya a wuyansa ba. Ba a ce ra'ayin mugu ne ba. Aibinsa ɗaya: ya ɗauka gaskiya aba ce da ke zuwa tare da digiri, kamar rigar da ake sa wa mutum ranar yaye. Tun a hanyarsa ta zuwa ƙauye duniya ta fara yi masa darasi. 'Yan sanda suka tare motar da ya hau, yaron mota zai miƙa sule 2, sai suka ga Obi yana kallonsu, suka tsorata suka ƙi karɓa a gabansa. Ƙarshenta sai da aka biya sule 10 a bayan idonsa, sauran fasinjoji suka juyo suna zaginsa.

Da farko ya tsaya da ƙafarsa. Wani mutum ya zo ofis yana neman a taimaki ƙanwarsa, Obi ya kore shi. Yarinyar da kanta ta bi shi har gida, bai karɓi kome daga gare ta ba. Ya yi murna da kansa, kamar yaƙin ya ƙare. Abin da ya karya shi ba daga ofis ya fito ba, daga gida ne. Ya so ya auri Kilara, wata ma'aikaciyar jinya da suka komo jirgi ɗaya, ashe ita osu ce, watau zuriyar waɗanda aka keɓe wa gunki tun zamanin kakanni, ba a aurayya da su. Majalisar Jihar Gabas ta yi dokar soke wannan al'ada cikin 1956, amma doka ba ta shiga zukata. Ubansa, wanda ya bar addinin kakanninsa tun yana saurayi, ya ƙi. Uwarsa ta ce in ya aure ta tana da rai za ta kashe kanta. Obi, wanda ya iya kafa hujja da Turanci gaban hukumar ɗaukar ma'aikata, ya rasa abin da zai ce wa tsohuwa a kan gadon ciwo. Ya janye, aka zubar da cikin da Kilara ke ɗauke da shi, ta rabu da shi. Uwar ta rasu, ya aika da kuɗi, bai je jana'iza ba. Bayan wannan ne wani ya ajiye masa fam 50 a kan tebur ya fita, shi kuwa bai bi shi da su ba.

Wanda ya karanta da lura zai ga abin da Achebe ke nufi da jera al'amuran haka. Mutumin da ya kasa tsayawa kan abin da ya san gaskiya ne a gaban iyayensa, ya riga ya koyi yadda ake sunkuyawa, saura kawai ya maimaita a ofis. Bashi ya buɗe ƙofa, amma tun kafin nan mai gadin ƙofar ya mutu.

Duk da haka littafin bai rasa aibi ba, kuma faɗinsa ba rage darajar mawallafin ba ne. Na farko, zaman Obi a kwaleji kusan an tsallake shi. Shekara huɗu da suka sake masa harshe da tunani ba a ba su ko babi guda cikakke ba. Ba a ga malamansa ba, ba a ga abin da ya sa ya bar aikin lauya ba, ba a gan shi a watannin ƙarshe yana shawara da zuciyarsa kan bashin da ke jiransa ba. Tun da littafin yana tuhumar irin ilmin da aka ba shi, ya kamata a kawo wanda ake tuhuma gaban shari'a a gan shi. Na biyu, faɗuwar kanta an yi mata gaggawa. An ɓata babi da yawa ana nuna yadda igiya ke ɗaurewa, amma daga hancin farko zuwa ran da 'yan sanda suka same shi da takardun kuɗi masu alama, duk cikin babin ƙarshe aka dunƙule. Mai karatu zai so ya zauna da Obi a daren da ya fara kwana da kuɗin haram a aljihu. Na uku, Kilara ta fi kowa hasara, ita ce kuwa aka fi ƙarancin shiga zuciyarta. Ta bakin Obi da idonsa kaɗai aka san ta, ta fita daga labarin ba a ji nata ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi kuwa shi ne yadda ya ƙi karɓar amsa mai arha. Mista Green yana ganin rashawa a jinin baƙar fata take, amma labarin ya ƙaryata shi, tun da an ga Obi yana ƙi kafin ya karɓa, an kuma ga matakan da ya bi ɗaya-ɗaya. Mutanen Umuofiya suka ɗaukar masa lauya don ɗan'uwa ba a yar da shi, amma abin da ya fi ƙona musu rai ba cin hancin ba ne, a'a, sai cewa kuɗin kaɗan ne, kuma bai iya karɓa yadda gwanaye ke yi ba. Mutanen da ke wannan magana su ne suka tara kuɗin da aka aika da shi Ingila. Da haka mawallafin ya sa kowa cikin laifin, ba tare da ya wanke Obi ba.

Zamani ya sake tun 1960. An bar fam da sule aka koma naira cikin 1973, a shekarar nan kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa, wanda ke ba mai sabon digiri shekara guda tsakanin makaranta da neman abinci. Jami'o'i sun yawaita, babban birni ya tashi daga Ikko ya koma Abuja cikin 1991. A zamanin Obi aiki da gida da mota suna jiran mai digiri tun kafin ya sauko daga jirgi. Yanzu kuwa da yawa sukan yi shekaru suna yawo da takardunsu ofis-ofis. Wani zai ce ashe littafin ya tsufa. Ba haka ba ne. In wanda aka miƙa wa kome ya faɗi saboda nauyin da aka ɗora masa, ina ga wanda ake jiran irin wannan daga gare shi alhali ba a miƙa masa kome ba?

Saboda haka uban da ya sayar da gyaɗarsa ko sansa ya kai ɗa kwaleji, shi ma littafin nan da shi yake. Ya dace tun yaron yana shekarar ƙarshe a zauna da shi a yi lissafi a fili: nawa ake binsa, wa zai ɗauka, wa zai dakata. Ya dace a bar shi ya hau keke in abin da albashinsa zai iya ke nan, kada a tambaye shi ina mota. Ɗalibin kuma ya sani jarrabawar da ke gabansa ba ita ce ta ƙarshe ba, akwai wadda za a yi masa ba mai tsaro, ba ƙararrawa, ran da wani zai ajiye ambulan a kan teburinsa ya juya ya fita. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.